BAƘIN HUNTURU A FADAMUN TAMBUWAL DA KEBBE

Da zarar watan Disamba ya kama, iskar hunturu ta juyo daga gabas, hazo ya rufe gari, leɓe ya fara tsagewa, sai makarantu su tashi don hutun Kirsimeti. Yara su dawo gida da akwatunansu. Kwana biyun fari murna ce. Daga na uku kuwa sai iyaye su fara tambayar juna, "Me za mu yi da yaran nan har Janairu?"

A ƙasashen Turai, masu hali sukan biya kuɗi mai yawa a wannan lokaci, su shiga jirgi su tafi kurmin wata ƙasa mai zafi, su yi mako biyu suna yawo a ƙafa suna kallon tsuntsaye. Mu a nan in an ba mu wannan labari dariya mukan yi. Mutum da hankalinsa ya bar gidansa ya tafi kallon tsuntsu?

To, masu karatu, ku dakata da dariyar tukuna. Sa'ad da mutanen nan suke neman jirgi, tsuntsayen ƙasarsu sun riga sun sauka a wurinmu. Suna nan a kan gawon da ke bayan gari, suna bakin fadama, suna bin shanun Fulani cikin kara. Sun ƙetare teku da hamada ba guzuri ba ɗan rakiya. Mu ne masu masauki, amma yawancinmu ba mu san mun yi baƙi ba. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne, baƙin suna raguwa, 'yan gida ma suna raguwa, yaranmu kuwa ba su san sunayensu ba balle su ji rashinsu.

Saboda haka ne a hutun da ya wuce, mu malamai uku da 'yan makaranta goma sha ɗaya muka yi kwana biyar a ƙasar Tambuwal da Kebbe, ba don kome ba sai don mu duba mu gani.

Kurmin Da Muke Da Shi

Tambuwal tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato, ta bi ta Boɗinga da Shagari, ta nufi Jega. Gari ne mai tarihi, gama nan ne Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna yana tsaron wannan gefe na daula. Kebbe tana kudu da Tambuwal, a can ƙarshen Jihar Sakkwato inda ta yi iyaka da jihohin Kebbi da Zamfara. Gulbin Zamfara ne ran wannan yanki. Ya gangaro ta Anka da Gummi, ya ratsa ƙasar Kebbe, ya wuce Jega, ya haɗu da Gulbin Sakkwato, sa'an nan su faɗa Kwara tare.

Ba mu da irin kurmin nan na kudu inda itatuwa suke rufe rana. A can ruwan sama na shekara yakan wuce milimita 2,000, a nan kuwa ba ya kai 1,000, shi ma cikin wata huɗu ko biyar yake zuba ya ɗauke. Amma duk inda ruwa ya kwanta, ko ya bar laima a ƙasa, akwai ɗan kurmi daidai gwargwado. A bakin gulbi za ka tarar da kanya, da ɗinya, da ɓaure, da tsamiya, da giginya sun haɗa kai sun yi duhuwa. In ka haura tudu sai gawo, da kuka, da aduwa, da magarya, da sabara, da kalgo. Tsakanin tudu da gulbi ga fadama, inda ake noman shinkafa da damina, da albasa da tumatir da rani. Wuri uku ke nan, kowanne da tsuntsayensa, ga shi kuwa mutum yana iya ratsa su duka a ƙafa kafin hantsi.

Fita Da Asuba

Kafin mu fita ran fari, muka ba kowane yaro takarda muka ce ya rubuta sunayen tsuntsayen da ya sani. Kusan duka sun fara da kaza, da agwagwa, da tattabara. Wanda ya fi su ƙoƙari ya kai goma sha biyu. Muka ajiye takardun.

Dokokinmu uku ne. Ba gwafa, ba surutu, ba gudu. Madubin hangen nesa ɗaya ne gare mu duka, ana karɓa-karɓa. Ƙarfe shida na safe muna bayan gari, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi, haƙora suna kaɗawa.

Kunne ne yake fara aiki kafin ido. Kurciya ce ta fara, sa'an nan fakara ta amsa daga cikin kara da muryarta mai kaushi. Da gari ya ɗan waye sai ga cilakowa tana tashi tana sauka kamar kwalekwale a kan igiyar ruwa. Shaya suka sauko ƙarƙashin tsamiya, bayansu yana walƙiya kamar shuɗin rini da ya sha bugu. Garken tsirya suka wuce ta kanmu da ihu, koraye shar, da dogayen wutsiyoyi. A kan wani gawo da kauci ya kama, muka ga sha-kauci yana zura siririn bakinsa cikin fure.

Bakin fadama kuwa sai wanda ya gani. Belbela fari fat. Zalɓe a tsaye cikin ruwa kamar an dasa shi, sai da kifi ya matso muka san yana da rai. Kirinjijiya suna tashi da fito, dinya biyu suna can nesa ba su yarda da mutum ba. Zakaran ƙeƙuwa ya gan mu ya yi ta tsegumi har ya tashi kowa. Akwai wani ɗan tsuntsu mai dogayen yatsu da yake takawa a kan ganyen bado ba ya nutsewa, da wani baƙi da fari wanda yakan tsaya cak a iska yana kaɗa fiffike, sa'an nan ya faɗo ruwa da ka ya fito da ɗan kifi. Wata yarinya 'yar aji biyar ta ƙirga faɗowarsa, ta ce sau bakwai ya faɗo, sau biyu ya kama. Muka ce ta rubuta. Ilimi ke nan ya fara.

A nan ne muka gamu da wani dattijo yana ban ruwa a gonar albasa.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa Malam, sannunku da ɗari. Mi kuka biɗa da sassahe haka?"

Muka ce tsuntsaye muke kallo. Ya ce, "Kallo kaɗai? Ba harbi?" Da muka tabbatar masa, sai ya ajiye guga ya bi mu. Kafin rana ta yi zafi ya ba yaran sunaye fiye da arba'in, kowanne da halinsa, da abincinsa, da inda yake sheƙa. Ya nuna mana yautai a kwance cikin busasshen ganye, ba taku biyar tsakaninmu, mu goma sha huɗu ba wanda ya gan shi. Sa'an nan ya nuna wani ɗan tsuntsu mai rawayan ciki da yake yawo tsakanin ƙafafun shanu yana kaɗa wutsiya, ya ce, "Wanga sai da ɗari shi ka zuwa. Ruwa na sauka ba ka ganin shi. Allah kaɗai ya san inda shi ka tahiya."

Daga Ina Suke Zuwa?

Tambayar dattijon nan ta daɗe tana damun mutane. Ƙasar Isra'ila tana kan babbar hanyar tsuntsaye masu ƙaura, inda kimanin miliyan 500 suke wucewa sau biyu a shekara, shi ya sa Annabi Irmiya a sura 8 ya ba da misali da shamuwa da kurciya da tsattsewa a kan sanin lokacin zuwansu. Amma inda suke tafiya ya zama asiri. Turawan dā, har da masu ilimi a cikinsu, sun ɗauka tsattsewa takan shige cikin taɓon tafki ta yi barci har sanyi ya wuce.

A shekarar 1822, kusa da wani ƙauye mai suna Klütz a arewacin Jamus, aka harbo wata babbar shamuwa fara irin ta Turai. Da aka duba sai ga mashi irin na Afirka ya ratsa wuyanta. Wani maharbi ne a nahiyarmu ya jefe ta bai kashe ta ba, ta tashi da mashin ta yi tafiyar dubban kilomita har gida. Tana nan a ajiye a Jami'ar Rostock, da mashin a wuyanta.

Wanda ya buɗe hanyar bincike sosai kuwa malamin makaranta ne kamar mu. Sunansa Hans Christian Mortensen, mutumin Viborg a ƙasar Denmak. A 1899 ya fara sa wa tsuntsaye ɗan zobe a ƙafa, mai lamba da adireshi, don duk wanda ya tsinci tsuntsun ya rubuto masa. Daga nan dabarar ta bazu a duniya. Yau har akan ɗaura wa tsuntsu 'yar na'ura a baya, tauraron ɗan Adam yana bin sawunsa dare da rana.

Ga abin da aka gano. Ƙananan tsuntsaye fiye da biliyan 2 suke barin Turai kowace kaka su ƙetare Sahara. Ba sanyin ne kansa yake korarsu ba, yunwa ce, gama in dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa ƙwari sukan ƙare. Da yawa daga cikinsu ba su fi giram 15 ba, wato ƙwan kaza guda ya ninka su nauyi fiye da sau biyu. Kafin su tashi sukan ci su yi kitse, waɗansu har nauyinsu ya kusa ninkawa, kitsen nan shi ne mansu na tafiya. Yawancinsu da dare suke tafiya, da rana su laɓe a inuwar dutse ko ta ɗan tsiro. Suna gane hanya da rana, da taurari, da kuma maganaɗisun ƙasa. Faɗin hamadar ya kai kilomita 1,500 zuwa 2,000. In sun fito daga cikinta a rame, masauki na fari da suke samu shi ne irin ƙasarmu, itatuwanmu da fadamunmu. Ɗan mai rawayan cikin nan da dattijo ya nuna mana, watakila a makiyayar wani manomi a Italiya ko Jamus aka ƙyanƙyashe shi. A can ma shanu yake bi.

Mu ma muna da namu matafiya. Shamuwarmu, wadda yara suke yi wa murna in ta sauka a kan tsamiya don ta kawo albishirin damina, takan yi sheƙa ta yi 'ya'ya a garuruwanmu. Ruwa yana ɗaukewa sai ta bi shi kudu, har ƙasashen Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe. Tana fita, baƙin Turai suna shigowa. Ɗaki ɗaya ne, baƙi biyu, ba sa haɗuwa.

Tsattsewar Turai ita ba ta cika zama a nan ba, wucewa take yi a kaka. Mai son ya ga inda take kwana sai ya tafi kurmin gaske, wato ƙasar Boje a Jihar Kuros Riba, gindin Dutsen Afi. A can, kusa da ƙauyen Ebbaken, tsattsewa miliyoyi sukan taru da magariba su rufe sama kamar hayaƙi, sa'an nan su zubo cikin doguwar ciyawa a gefen tsauni. An kama waɗansu a wurin da zoben ƙasashen Turai a ƙafa. Wanda Allah ya hore wa abin tafiya, ya je ya gani. Amma ya tuna cewa ta kan rufin ɗakinsa suka wuce.

Fari A Nan, Shiru A Ingila

Dattawanmu ba su manta da farin da ya fara a ƙarshen shekarun 1960 ya tsananta a 1972 da 1973 ba, sa'ad da rijiyoyi suka ƙafe, shanu suka mutu, mutane suka yi ƙaura. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a Ingila an ga alamar wannan fari tun kafin duniya ta ji kukanmu.

Akwai wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da yake yin hunturu a cikin ƙayoyinmu, ya koma Ingila a watan Afrilu ya yi sheƙa a shingen gonaki. A bazarar 1969 masu ƙirgan tsuntsaye na can suka jira shi, sai kaɗan suka komo. Fiye da kashi biyu cikin uku sun ɓace a shekara guda. Aka bincika, ba cuta ba ce, ba kuma wani abu ne ya faru a Ingila ba. Ruwa ne ya yi ƙaranci a ƙasashenmu a daminar 1968, ƙwari da 'ya'yan itace suka yi wuya, tsuntsayen ba su sami kitsen ƙetare hamada ba, suka zube a hanya. Abin da ya ci rumbun manomi a Sakkwato, shi ne ya sa shingen manomi a Ingila ya yi tsit.

Wannan ya kawo mu ga gawo. Kowane manomi ya san halinsa: da damina ya kaɗe ganye ya bar wa gero rana, da rani ya yi kore shar, ya yi fure, ya ba dabbobi 'ya'ya, ƙarƙashinsa kuwa ya fi ko'ina albarka. Waɗansu masana daga ƙasar Holan, a ƙarƙashin Leo Zwarts, sun yi shekaru suna bin itatuwa ɗaya ɗaya daga Senegal zuwa gabas, suna ƙirga tsuntsayen da ke kai. Suka tarar baƙin Turai sun fi taruwa a kan itatuwa 'yan ƙalilan, yawancinsu masu ƙaya, gawo kuwa yana sahun gaba, gama yana cike da tsutsa da ƙwari daidai lokacin da sauran itatuwa suke tsirara. Dogon yaro, wanda aka kawo daga Indiya a zamanin Turawa, yana da inuwa mai daɗi, amma ɗacinsa yana korar ƙwari, saboda haka baƙin ba su cika sauka a kansa ba. Mun gwada wannan da yaran. Muka raba su biyu, waɗansu ƙarƙashin gawo, waɗansu ƙarƙashin dogon yaro, minti goma sha biyar. 'Yan gawo suka dawo da shafi cike. 'Yan dogon yaro suka dawo da kurciya biyu da ƙorafi.

Amma duk wanda ya bi hanyoyinmu ya ga buhunan gawayi da tarin itace a jere suna jiran mota. Ƙirya da marke sun yi wuya a kusa da gari. Tsofaffin gawo suna nan, sassan da aka sare don dabbobi sun bar su kamar kuturu, ƙanana masu tasowa kuwa ba su da yawa. Ba mu zargin matar da take neman abin hura wuta, ko makiyayin da dabbobinsa suke jin yunwa. Sai dai itacen da aka sare ba a bar magajinsa ba, bashi ne aka ci da sunan jikoki.

Akwai magani, kuma ba daga nesa ya fito ba. A Maraɗi, a 1983, wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, bayan ya gaji da dashen itatuwa suna mutuwa, ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma suke sassabewa kowace bazara tohon kututturan tsofaffin itatuwa ne, saiwoyinsu suna nan da rai a ƙasa. In aka zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi aka bari, aka datse sauran, cikin 'yan shekaru sai ga itace. Manoman Nijar suka karɓi dabarar suka kira ta sassaben zamani. An kiyasta ta farfaɗo da ƙasa hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a yankunan Maraɗi da Damagaram. Ba ta bukatar kuɗi, sai wuƙa da haƙuri. Abin da ya yiwu a Maraɗi, inda ruwa bai kai namu ba, me zai hana shi yiwuwa a Dogon Daji ko Kuchi?

Waɗanda Ba Mu Gani Ba

Cikin kwana biyar sunayen da ke littafinmu sun wuce hamsin. Amma akwai waɗanda muka nema har muka gaji.

Ba mu ga gauraka ba. Dattijon ya ce yana yaro sukan sauka a fadama garke garke, a ji kukansu tun daga gida. Yau gauraka ta kusa ƙarewa ƙaf a Nijeriya, saboda kama ta da ake yi don ado a gidajen manya, da kuma fadamun da take sheƙa da suka zama gonaki. Ba mu ga burtu ba, ba mu ga tuje ba. Yaranmu sun san burtu a tatsuniya da karin magana, amma ba wanda ya taɓa sa shi a ido.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne ungulu. Mu da muke da shekara arba'in da 'yan kai mun taso mun ga ungulu a kowace mahauta, har sai an kore su da sanda. A tafiyar nan mun leƙa mahauta biyu ran kasuwa, ba ko ɗaya. A 2015 hukumar duniya mai lissafin halittun da ke cikin hatsari ta sa ungulun garuruwanmu a matakin ƙarshe kafin ƙarewa. Babban dalili a ƙasarmu shi ne masu sayen kanta da sassan jikinta don tsafi da neman sa'a, da kuma guba da ake sa wa mushe.

Wani zai ce, ina ruwanmu da ƙazamar tsuntsuwa? Sai ya tambayi mutanen Indiya. A shekarun 1990 wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu allura, mai suna diclofenac, ya kashe fiye da kashi 95 cikin ɗari na ungulayensu. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yi yawa, ciwon haukan kare ya ƙaru. Sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin. Ungulu ma'aikaciyar tsabta ce wadda ba ta karɓar albashi. Ranar da ta bar aiki ake sanin darajarta.

Manomi Zai Yi Tambaya

Mun san akwai mai karatu a Kebbe ko Jega da zai ce, "Malam, kana yabon tsuntsaye don ba ka noma shinkafa." Yana da gaskiyarsa. Jan-baki bala'i ne. An ce ba tsuntsun daji da ya kai shi yawa a duniya, ana kiyasta shi da biliyan ɗaya da rabi, in garkensa ya sauka a gona da safe kafin yamma sai kara. Yara nawa ne suke fashin makaranta don korar tsuntsu? Ba wanda zai ce manomi ya naɗe hannu.

Abin da muke roƙo shi ne a bambanta ɓarawo da mai gadi. Shamuwa da belbela da shirwa fara suke ci. Mun ga wurin da aka sa wa ciyawa wuta, shirwa da waɗansu jajayen tsuntsaye masu shuɗin kai suna shawagi cikin hayaƙi suna cafke farar da take tashi. Mujiya, wadda ake jifa don camfi, ɓeraye take kamawa a bakin rumbu duk dare. Baƙin Turai kuwa yawancinsu tsutsa da ƙwari ne abincinsu. Yaron da ke riƙe da gwafa bai san wannan bambanci ba, duk abin da ya motsa harbi ne. In aka koya masa suna da aikin kowanne, hannunsa zai yi nauyi.

Ƙirga Maimakon Harbi

A Amurka a dā akwai wata al'ada ta ranar Kirsimeti. Mutane su rabu biyu su shiga daji da bindigogi, ɓangaren da ya fi tara gawar tsuntsaye da dabbobi shi ya ci. A 1900 wani masanin tsuntsaye mai suna Frank Chapman ya ce, me zai hana a ƙirga su maimakon a kashe? Ran 25 ga Disamba na shekarar, mutum 27 suka fita a wurare 25, suka rubuta iri kusan 90. Har yanzu ana yin wannan ƙirga kowace shekara, daga 14 ga Disamba zuwa 5 ga Janairu, mutane dubbai ne suke fita. Littattafan da talakawa suka cika da fensir sun zama abin da masana suke dogara da shi.

A ƙasarmu ma an fara. Nijeriya tana da tsuntsaye fiye da iri 900. A Laminga kusa da Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda aka kafa a 2001 tare da Jami'ar Jos. Daga 2015 aka soma aikin zana taswirar tsuntsayen ƙasa, inda 'yan sa kai suke aika sunayen abin da suka gani ta wayar hannu. Ƙasarmu tana da faɗi, masu duba ba su da yawa, saboda haka littafin ɗan makaranta daga Sanyinna ko Jabo yana da daraja.

Ga shawara ga iyalin da suke so su gwada a hutun bana.

Na fari, tsaro. Kowa ya san halin da dazuzzukanmu suke ciki a shekarun nan saboda 'yan bindiga. Kada a shiga daji mai nisa. A gai da mai gari, a faɗa masa abin da ake so, a nemi ɗan gari ya yi rakiya, a tsaya inda manoma suke aiki, a komo kafin azahar. In aka ce wuri kaza ba lafiya, magana ta ƙare. Bayan gari da bakin rafi sun isa.

Na biyu, a fita da sassafe, ko da la'asar sakaliya. A sa tufafi marasa haske, a sa takalmi mai rufi, a ba rana baya don a ga launin tsuntsu sosai.

Na uku, kowane yaro ya riƙe littafi da fensir. Ya rubuta kwanan wata, da wuri, da suna, da yawa. In bai san sunan ba ya zana, ya rubuta girmansa, ko ya kai kurciya ko bai kai ba, da kamannin baki, da abin da yake ci.

Na huɗu, a tafi da kaka ko wani dattijo. Shi ne littafin da ba a sayarwa a kanti. Sunayen da ke bakinsa, in ba a rubuta ba, tare da shi za a binne.

Na biyar, in an tsinci mataccen tsuntsu da zobe a ƙafa, ba tsafi ba ne, ba kuma zinariya ba. A kwafi lambar da rubutun, da rana da wuri, a kai wa malamin makaranta ya aika Jos. Akwai wani a wata ƙasa mai nisa da yake jiran wannan labari.

Na shida, kafin hutu ya ƙare, iyali su je gona su zaɓi tohon gawo ko aduwa guda biyar, su gyara su, su ɗaura musu tsumma don mai sassabe ya gani ya ƙyale. Kowane yaro a ba shi nasa ya kula da shi.

Hausawa sun ce baƙonka annabinka. Waɗannan baƙi ba su neman tabarma, ba su neman tuwo. Itace suke nema, da ɗan ruwa, da yaron da zai duba ya bar su su wuce. A watan Maris da Afrilu za su kama hanyar gida, a watan Satumba 'ya'yansu za su biyo sawu. Abin da za su tarar ya rataya ne a kan abin da muka koya wa yaranmu a wannan hutu.